Ɗuren Haske

Da wuya wata ya wuce ba a kawo mini saurayi shagona na Gudu ba, wai in koya masa aikin kifin ado. Sukan shigo da waya a hannu, sun kalli bidiyo a hanya, saboda haka sun gama karatu, ni dai sa hannu ya rage mini. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, ai abin ba wuya. Gilashi, ruwa, gishiri, sai fitila mai kyau." Na tambaye shi wace ce fitila mai kyau. Ya ce wadda ta fi haske. Amsar nan ta kashe murjani a garin Abuja fiye da ɗauke wuta, ɗauke wuta kuwa ba ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Sunana Sabi'u. Kafin in faɗa ruwa, kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a Masaka, kuma har yau ban warke daga ciwon bayani ba, sai ku yi haƙuri. Sana'ata ita ce in haɗa wa mutum guntun teku a cikin akwatin gilashi, in ajiye masa a falo, a garin da ko rafin kirki sai an shiga mota. Kifin ba shi ne wahalar ba. Wahalar murjani ce. Ba tsakiyar da kakanninmu ke ratayawa a wuya nake nufi ba, wannan ƙashin wani ɗan'uwansa ne da aka goge. Mai ran nake nufi. Dabba ce, amma ta yi kama da tsiro, kuma tana zaune wuri guda kamar dutse. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta dafa abinci, su ci tare. Wato ɗan haya ne mai biya da tuwo, kuma iyakar sanina shi kaɗai ne ɗan haya a Abuja da ke zaman lafiya da mai gidansa. Amma idan haske ya yi yawa, girkin ya ƙone, sai mai gida ya fusata ya kore shi. Daga nan murjani ya yi fari fat, ya zauna da yunwa a gidan da babu mai girki. Idan ba a yi sauri ba, shi ke nan.

Aikin farko da na bi maigidana, a wani otal ne cikin gari. Maigidan nawa Oga Bawa ne, Bagwari daga bayan Jikwoyi, wanda ya yi shekaru yana wa wani Bature aiki a Legas ya dawo da wannan sana'a a kansa. Hausarsa ba ruwanta da namiji da mace, kowa "shi" ne, har fitila. A lokacin fitilun da muke sawa manyan ƙwayaye ne masu zafin tsiya, irin na filin ƙwallo. Na miƙa hannu zan gyara ɗaya, fatar yatsana ta zauna a jikinta. Oga Bawa ya duba yatsan, ya duba fitilar, ya ce, "Malam, ka ga wannan fitila? Shi ba ɗalibinka ba ne. Ba ya jin tsoronka." Sannan ya sa in riƙe farin faranti a ƙasan ruwa, shi kuma ya wuce da tafin hannunsa ƙarƙashin fitilar. Idan inuwar ta fito da kaifi a kan farantin, haske ya isa ƙasa. Idan ta yi dishi-dishi, wurin na murjani mai laushi ne, wanda bai damu da rana ba. Yau akwai ma'aunin haske da ake tsomawa a ruwa ya ba ka lamba, ina da shi, ina kuma amfani da shi. Amma farantin yana cikin jakata.

Abin da na koya a hannunsa shi ne fitila ce ƙarshen saye. Kafin ita sai ka san wa zai zauna a akwatin. Murjani mai laushi, mai kaɗawa kamar ciyawa, ɗan haske ya ishe shi, a ƙasa ake ajiye shi. Mai tauri mai rassa shi ne mayunwacin, wurinsa can saman dutse. Sai ka san zurfin ruwan, don fitilar da ta ƙoshar da akwati mai zurfin kamu guda, a mai zurfin kamu biyu ba ta kai ko'ina ba. Sai kuma launi, a nan ake rigima da masu gida. Ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama, abin da ke isa wurin murjani shuɗi ne. Da shi ya tashi, shi cikinsa ya sani. Mutanenmu kuwa ba sa son shuɗi a falo. Wata Hajiya a Maitama ta ce na mayar mata da ɗaki gidan gala, ta sa aka canza mata fitila ruwan zinariya don ta dace da labule. Ta dace kuwa. Ba a jima ba koren gashi ya rufe duwatsun da gilashin, akwatin ya koma kamar kududdufi a ƙarshen damina. Ta kira ni tana tambaya ko akwai labule kore.

Shekarar da muka sha wuya, da bazara ta zo mana. Taransifomar unguwar ta ƙone, mai ya yi wuyar samu, zafi kuma ya ƙi sassautawa. Ɗan man da muke samu na janareta bai isa a kunna komai da komai ba, dole a zaɓa tsakanin fitila da famfon da ke juya ruwa. Ku riƙe wannan: famfo ake zaɓa. Murjani yana jure kwanaki a duhu, ba ya jure ruwan da ya tsaya. Muna sayen ƙanƙara wurin masu lemo a kasuwar Gudu, mu ɗaure a leda mu jefa a akwatuna, kafin a juya ta narke. Muna ji muna gani shagon ya koma fari reshe bayan reshe. Warin mataccen murjani ba ya fita daga riga, na jarraba sabulai iri-iri.

Abu guda ya tsira, wani mai rassa, kore mai ruwan hoda a baki-baki, wanda Oga Bawa ya taho da kakansa daga Legas a cikin kula a kan cinyarsa. Ƙahon Barewa yake ce masa. Abin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba. Bayan damina ta sauka Oga Bawa ya ce ya gaji, zai koma gonar doya. Ya bar mini shagon, ya miƙo mini bokitin da murjanin ke ciki da hannu biyu. Ya ce, "Wannan yarona ne. Kar ka bari shi ya mutu a hannunka. In zai mutu, kawo shi ya mutu a nawa." Ban taɓa ganin irinsa a wurin kowa a garin nan ba, har yau.

Wutar Gudu ba abin ba wa amanar ɗan wani ba ce, saboda haka na kai shi gidan Alhaji Mamman, wani Bakatsine mai shagon shadda, wanda ya lulluɓe rufin gidansa da sola tun kafin abin ya zama yayi. Muka yi magana ta fahimta: ado nasa, murjani nawa. Na sa masa fitilar zamani mai ƙananan idanu, wadda ba ta dafa ruwa, mai agogon kunna kanta da kashe kanta, da abin murɗawa guda biyu a jikin kabad, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. Shuɗin na ɗaga, farin na bar shi ƙasa-ƙasa. Ƙahon Barewa ya ji daɗin gidan masu kuɗi kamar kowa. Cikin 'yan shekaru ya yi rassa ya kai faɗin faifai.

Wata Asabar na je duba shi kamar kullum, na tarar bakin rassan ya koɗe. Na auna gishiri, daidai. Na auna zafin ruwa, daidai. Na leƙa jikin kabad, sai ga farin haske an murɗe shi har ƙarshe. Na mayar, na ce wataƙila mai shara ce ta goga. Asabar ta gaba na tarar da shi a ƙarshe kuma, farin ya gangaro har rabin rassa. Na sami Alhaji a zaure.

"Alhaji, wa ke taɓa fitilar nan?"

Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. "Hajiya ce."

Mahaifiyarsa ke nan, Hajiya Babba. An kawo ta daga Katsina za a yi mata aikin yanar ido, likitoci suka ce sai sukarinta ya sauka, zaman ya yi tsawo. Ba ta kallon talabijin, ba ta fita. Kujerarta tana gaban akwatin, nan take wuni da carbi.

Na ce, "To sai a gaya mata ta bari."

Alhaji ya dube ni kamar na ce a rushe masallaci. "Ni? In ce wa Hajiya kada ta taɓa abu a gidan nan? Malam Sabi'u, kai ba a haife ka ba ne?"

"To in cire abin murɗawar, in ɓoye shi a bayan kabad."

"Ta laluba ta ji babu? Ai gara in faɗa mata da baki. Za ta ce ta zama yarinyar da ake ɓoye wa ashana. Gobe da safe za ka ji tana neman motar Katsina, ido ko babu ido." Ya rage murya. "Ka bar shi kawai. In ya mutu a sayo wani."

Na ce masa ba a sayar da wannan. Na yi tunanin ɗauke shi in mayar shago, amma murjanin da ya riga ya galabaita, a canza masa ruwa da fitila da wuri a rana guda, kashe shi ne da ladabi. Hanya ɗaya ta rage, in gaya wa Hajiya da bakina. Alhaji ya ce shi dai ba ya nan, kuma da gaske ya shiga mota ya fita.

Bayan la'asar aka yi mini iso. Ƙaramar tsohuwa ce, fara, da lalle a tafin hannu, idanun sun yi fari-fari kamar an ɗiga nono. Akwatin yana ta ƙyalli kamar shagon gwal. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi garinmu, ta gano ta san wata da ta auri wani daga can. Sai da aka gama wannan duka ta ce, "Kai ne mai kifin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kai ne ka bar bayin Allah cikin duhu? Na zo gidan nan na tarar da su kamar an tsoma a rijiyar marina. Na ce wannan wane irin rashin imani ne, gida cike da wuta? Na laluba na ji abin murɗawa, na ɗaga musu lagwani. Kullum in ɗaga, kullum wani mugu ya sauke."

"Ni ne mugun, Hajiya."

"Na sani. Ina so in ji ko za ka faɗa."

Sai ciwona ya motsa. Na gyara zama na fara daga teku: yadda ruwa ke shanye jan haske, yadda gansakuka ke dafa abinci, yadda ƙarfin haske ke raguwa da zurfi. Na yi bayani mai kyau, da a aji ne da na ba kaina maki. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi.

"Ka gama?"

"Na gama, Hajiya."

"An ce da malamin makaranta ne kai. Yaran suna ganewa?"

"Wasu."

"Allah ya yi musu albarka."

Na sake lale. Na ce, "Hajiya, a taƙaice, hasken nan shi ne abincinsa. Kuma ya yi masa yawa."

"Abinci ya yi wa baƙo yawa? A gidan wa?"

"Ɗure kuke yi masa, Hajiya."

Ta yi dariya har carbin ya faɗi a cinya. Ɗure, ga waɗanda aka haifa a asibiti, shi ne a kwantar da jariri a cinya, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ya sha ko yana so ko ba ya so. Ta ce, "Da ɗuren na raini mai shagon nan." Alhaji ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ka gan shi yau, ƙofa tana masa kaɗan. Kifayen nan kuwa tun da na ɗaga musu wuta nake ganin giccinsu, lafiyarsu ƙalau."

A nan na gane inda muka saɓa. Ita kifi take yi wa. Motsinsu kaɗai idonta ke kamawa, shi ma sai da farin haske. Ba ta ma san da wani a akwatin ba.

Na ce, "Ba kifin ba, Hajiya. Akwai wani a saman dutsen, mai rassa."

"Itacen nan da jikokina ke faɗa? Ai ado ne."

"Rai gare shi. Yana ci, yana girma. Amana ce ma, ta maigidana, wani tsoho a Jikwoyi."

A jakata akwai guntun mataccen reshe da nake nuna wa masu saye. Na sa mata a hannu. Ta shafa shi da babban yatsa, ta juya, ta kai kusa da hanci.

"Wannan ƙashi ne."

"Haka zai koma. Ya yi rabi."

Sai ta ce, da faɗa sosai, "To kai wane irin mutum ne? Ka zauna kana mini tatsuniyar teku, ba ka ce mini majinyaci ne a gidan ba? Wa ya taɓa yi wa majinyaci ɗure? Kunu ake dama masa tsululu, a ba shi da cokali, in ya karɓa gobe a ƙara. Tashi ka sauke abin nan."

Na sauke. Akwatin ya koma shuɗi, na ga ta ɗan karkata kai tana neman kifayenta. Wannan kuma aikina ne, don mai sa fitila ba murjani kaɗai yake yi wa aiki ba, akwai mai kallo. Washegari na zo da wata 'yar farar fitila na kafa ta a waje, ƙasa-ƙasa ta gefen kujerarta, tana haska yashin gaba inda kifi ke kiwo, ba ta kai saman dutse. Na sa mata makunni mai igiya a hannun kujera, daga la'asar zuwa magariba nata ne. A saman akwatin kuma, daidai kan Ƙahon Barewa, na shimfiɗa ragar sauro ta taga ninki-ninki, don ko shuɗin da ya saba da shi ya fi ƙarfinsa a lokacin. Haka ake yi wa duk murjanin da ya koɗe, haka kuma ake yi wa sabon zuwa ko in an canza fitila: a fara da inuwa, a riƙa zare ninki ɗaya-ɗaya, ana duba fuskarsa. Na bayyana mata. Ta ce, "Cokali ke nan." Na ce cokali ke nan.

Makonnin da suka biyo ba su da daɗi. Farin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Naman yana nan a jikin ƙashin, siriri kamar fatar albasa, wuni guda na cikakken haske zai ƙarasa shi. Ina zuwa a kai a kai ina ɗiga masa abinci da sirinji, tunda mai girkinsa bai dawo ba. Kullum Hajiya za ta tambaya, "Ya ci?"

Ina cikin canjin ruwa wata rana da yamma sai ga Alhaji ya shigo da baƙo, wani babban mutum daga wata ma'aikata, babbar riga tana ƙara, irin baƙon da ake fito wa da kofunan cikin kabad. Baƙon ya gaida Hajiya, ya tsaya gaban akwatin ya ce an ba shi labarinsa, amma ai ba a ganin komai. Alhaji ya san maganar ragar, ya san komai, amma ɗan kasuwa ne, ga kaya ga mai kallo. Ya ce, "Bari a ƙara haske, ranka ya daɗe, minti biyu kawai." Na san minti biyun Alhaji, da hira da shayi sai isha'i. Hannuwana duka biyu suna cikin ruwa riƙe da tiyo, kuma ba ni da bakin hana mutum a falonsa gaban baƙonsa. Abin murɗawar ya yi ƙara ɗaya, ƙyas.

"Mai shagon nan."

"Na'am, Hajiya."

"Me hannunka yake yi a can?"

"Hajiya, baƙo ne, yana so ya gani..."

"Mayar." Ya mayar. Ta juya wajen da ta ji ƙarar rigar. "Ɗana, ka yi haƙuri, marar lafiya gare mu a ciki. Ga shi can sama, ƙarƙashin raga. In dubiya ka zo, ka yi masa sannu a hankali ka zauna."

Babban mutum ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi silin. Baƙon dai ɗan gidan mutunci ne, an yi masa tarbiyya. Ya tattare hannun riga, ya ɗan sunkuya wajen gilashin, ya ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin," in ji Hajiya. "A kawo masa ruwa."

Ni na sunkuyar da kai cikin bokiti, don kada a ga fuskata.

Daga gindi launin ya fara dawowa. Da farko wani ruwan ƙasa-ƙasa marar kyan gani, wanda duk mai wannan sana'a ya fi son ganinsa fiye da sabuwar mota, don alama ce ɗan haya ya dawo da kayansa. Bayan wani lokaci, wata Asabar, na haska gindin babban reshen na ga abin da nake jira. A lokacin ba a yi mata aikin idon ba tukuna, saboda haka ni ne idonta.

"Hajiya, ya fara kore."

Ta tsayar da carbin. "Kore kamar me? Kada ka yi mini bayani."

"Kamar tohon zogale bayan ruwan fari."

Ta jinjina kai. "To a ƙara masa cokali ɗaya. Ɗaya fa, Malam, na san hannun maza."

Na hau kujera na zare ninki ɗaya.